Hagler ko Golovkin: wa za ka tsaya wa in an haɗa su a kilo 72?

Tun da Francis Ngannou ɗan Kamaru ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku a Riyad cikin Oktoban 2023, Garwa ta cika da masu son damben boksin, duk teburin mai shayin da ka zauna daga Yelwa har Rumde Ajiya sai ka ji ana musu, yaran da da ba su da zance sai Coton Sport da Real Madrid yanzu su ne ke jero maka sunayen 'yan dambe. Ni abin ya min daɗi wallahi, dan mun daɗe muna kallon wasan nan mu kaɗai da asuba. Toh musun da ya ƙi ƙarewa a majalisarmu shine na Marvin Hagler ɗan Amurka da Gennady Golovkin, wanda ake ce wa GGG. Dattawan da suka ga Hagler a kaset ɗin bidiyo sun ce ba a haifi wanda zai tsaya masa ba, matasan da suka ga GGG a Canal+ da YouTube sun ce zai farfasa shi ne kawai. Ni ina bayan Hagler, amma ba a kowane hali ba, kuma in za ka zaɓi ɓangare gara ka san dalili dan kar a ƙure ka da tambaya ɗaya.

Kafin komai sai a yarda wane Hagler kuma wane Golovkin. Ba adalci bane ka ɗauko Hagler na 1987 da ƙafa ta fara nauyi, ko GGG na 2022 mai shekara 40 da ya hau kilo 76 ya sha kashi a hannun Canelo Alvarez ɗan Meziko karo na uku da suka haɗu. Hagler na gaske shine na 1981 zuwa 1985, Golovkin na gaske kuma na 2013 zuwa 2016. Duk su biyun 'yan matsakaicin nauyi ne, fam 160, wato kilo 72 da rabi, kuma a nan suka yi kusan duk rayuwarsu, ba irin masu tsalle daga aji zuwa aji bane, shiyasa ma musun yake da ma'ana.

Sai kuma dokar wane zamani za a bi, kuma nan ne yawancin masu musu ke tsallakewa alhali nan rabin amsar take. A farkon zamanin Hagler wasan kambu turmi 15 ne. Bayan Duk Koo Kim ɗan Koriya ya rasu sakamakon wasansa da Ray Mancini a 1982 ne hukumar dambe ta WBC ta fara rage shi zuwa 12, sauran suka biyo baya kafin ƙarshen shekarun 80. Golovkin bai taɓa yin turmi na 13 ba a rayuwarsa, kai turmi 12 ɗin ma bai cika shi ba sai 2017 da Daniel Jacobs lokacin yana dab da shekara 35. Ba laifinsa bane, mutanen ne ba sa iya kai wa can, amma dai ba mu san yadda numfashinsa yake a minti na 40 ba, Hagler kuwa mun sani. Na biyu shine awo. A da ranar wasa ake hawa sikeli, da safe a auna ka da dare ka shiga fili, yanzu kuma kwana ɗaya kafin wasa ake yi, mutum ya matse ruwan jikinsa ya hau sikeli a 72, ya je ya ci ya sha ya kwana ya dawo da ƙarin kilo biyar, shida, wani ma fiye. Jacobs ma ƙin zuwa awon safiyar wasa na hukumar IBF ya yi dan kar a taƙaita masa. Masu goyon GGG suna kawo wannan su ce ai 'yan yanzu sun fi girma, kuma gaskiya ne a kan mutane irin Jacobs, amma shi Golovkin kansa ba katon ɗan matsakaicin nauyi bane, bai taɓa shan wahalar awo ba, dan haka ko ranar wasa aka auna zai iya. Wannan batun bai ba kowa rinjaye sosai ba. Na turmi 15 shine mai nauyi.

Jiki kuma kusan ɗaya suke, Hagler wajen santimita 177, Golovkin 179. Amma tsawon hannu akwai tazara babba, Hagler 191, Golovkin 178. Ka riƙe wannan, za mu dawo kai. Lissafin wasanni: Hagler ya ci 62, 52 da kisa, an ci shi 3, canjaras 2. Golovkin ya ci 42, 37 da kisa, an ci shi 2, canjaras 1.

Bari in fara ba Golovkin haƙƙinsa dan wasu dattawan suna raina shi kaman wani mai ƙarfin banza ne, kuma ba haka bane ko kaɗan. Mutumin nan ɗan Karaganda a Kazakistan ya ci gasar duniya ta damben da ba na kuɗi ba a 2003, ya ɗauki azurfa a Olamfik na Atens a 2004, wato tun kafin ya fara damben kuɗi a 2006 ya gama makaranta. Abin da ya fi ba ni tsoro a wasansa ba ma naushin kisan bane, ƙafarsa ce. Ba ya bin mutum a baya yana zagaye, yanke masa hanya yake, taku ɗaya gefe taku ɗaya gaba, kafin ka ankara bayanka na jikin igiya kuma ba ka ga lokacin da ya kai ka can ba. Sannan ga jab ɗinsa, naushin hannun gaba, wanda a wajen wasu taɓawa ce kawai amma a wajensa nauyi gare shi kaman na hannun baya. Mu 'yan Kamaru muna da ma'aunin da za mu gane wannan da kyau. Hassan N'Dam namu, wanda shi ma ya je Atens a 2004 kuma Gaydarbekov ɗin da ya ci GGG a wasan ƙarshe shine ya fitar da shi, ya haɗu da David Lemieux a Yunin 2015, Lemieux ya kai shi ƙasa sau huɗu duk da N'Dam ya yi ta tashi har aka gama turmi 12. Wata huɗu bayan nan Golovkin ya tsaya gaban wannan Lemieux ɗin a New York ya yi ta masa jab har fuska ta lalace, ya kai shi ƙasa da naushin ciki, alkalin wasa ya tsayar a turmi na 8, kuma Lemieux bai samu damar sauke hannun hagun nan nasa yadda yake so ba. Ryota Murata ma da ya karɓe kambun WBA daga N'Dam a 2017, GGG ya bi shi har Jafan yana shekara 40 ya tsayar da shi a turmi na 9. Ga Matthew Macklin da naushi ɗaya a haƙarƙari ya kwantar a 2013, ga Daniel Geale da ya sauke masa dama a fuska amma a daidai lokacin GGG ya mayar masa da wadda ta gama wasan. Kisa 23 a jere ya yi. Kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Duk wanda ya ce Hagler zai kashe shi a turmi uku kaman yadda ya yi wa Thomas Hearns, bai kalli mutumin ba.

Matsalar matasa kuma ita ce Hagler ɗaya suka sani, na minti takwas ɗin nan da Thomas Hearns ranar 15 ga Afrilun 1985, wanda jini ke zuba daga goshinsa yana tafe kaman ba ya jin komai. Wasan ya cancanci sunan da ya yi, amma shine wasan da ya fi ɓoye ainihin Hagler. A ranar ya zaɓi faɗan kusa ne da gangan dan ya san in ya tsaya nesa Hearns mai dogon hannu zai yi ta tsinkarsa. Asalin Hagler ɗan dambe ne mai lissafi. Bahago ne, ƙafar dama da hannun dama a gaba, kuma hannun daman nan shine mai ƙarfinsa, dan haka jab ɗinsa ma makami ne, sannan a tsakiyar turmi zai juya ya koma tsayuwar na-dama ba tare da ya rasa komai ba, ya sake juyawa. Ku nemi wasansa na farko da Mustafa Hamsho a 1981, mutum mai kan dutse da ke tafe gaba ba ja da baya, ku ga yadda Hagler ya yi ta zagaya shi yana yanka shi da naushi har turmi na 11. Ku nemi na Tony Sibson a 1983. Wannan Hagler ɗin ne zai fito wa Golovkin, ba na Hearns ba, kuma ga santimita 13 na tsawon hannu a gefensa. Duk wasan GGG a kan jab aka gina shi, in jab ya shiga komai ya biyo, toh yaya zai yi da bahagon da hannunsa na gaba ya fi nasa tsawo, yake karo da nasa a hanya, kuma shi ma yana da nauyi?

An gwada shi da bahagwai fa. Grzegorz Proksa a 2012 turmi biyar ya yi, Willie Monroe ƙarami a 2015 turmi shida, kuma abin sha'awa shi wannan Monroe ɗin jika ne a dangin Willie Monroe babba wanda ya ci Hagler a Filadelfiya a 1976. Amma waɗannan ba su da naushin da zai sa GGG ya yi tunani kafin ya shigo. Wanda ya nuna hanya shine Jacobs, da ya sha ƙasa a turmi na huɗu sai ya riƙa juyawa bahago yana motsi yana jefa uku huɗu ya bar wurin, ya kai wasan ƙarshe, alkalai suka ba GGG da 115-112, 115-112 da 114-113, kuma har yau akwai masu cewa Jacobs ne ya ci. In juyin Jacobs ya rage masa gudu haka, Hagler da wannan ce sana'arsa tun yana yaro fa?

Hujjar da matasa suka fi ƙarfi a kai ita ce ta abokan karawa. Wani ƙanenmu ɗan moto ya taɓa tare wani dattijo a majalisa ya ce masa, "Kawu, ka yi haƙuri, amma manyan sunayen da kuke faɗa duk ƙanana ne suka hau. Duran daga kilo 61 ya taso, Hearns da Leonard daga 67, wa Hagler ya doka mai girmansa?" Dattijon ya ce, "Ɗana, kai kuma naka gwanin wa ya doka da za a tuna bayan shekara talatin?" Duk su biyun sun faɗi gaskiya. Amma in ka duba da kyau amsar ta fi karkata wajen Kawu. Hearns ɗin da ake cewa ƙarami, bayan Hagler ya ci kambu a kilo 72 da 79, Roberto Duran ma ya ci na 72 a 1989 hannun Iran Barkley. Kuma kafin Hagler ya riƙe kambu wasa 53 ya yi, ya je Filadelfiya garin da ake dafa 'yan matsakaicin nauyi a lokacin, Bobby Watts da Monroe suka ci shi da maki, ya dawo ya kashe su duka biyu, ya ci Bennie Briscoe. Da ya samu dama a 1980 har Landan ya je ya farfasa wa Alan Minter fuska a turmi uku, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe har sai da 'yan sanda suka raka shi. Daga nan ya kare kambun sau 12, sha ɗaya a ciki ba su kai ƙarshe ba. Golovkin kuma ƙaddararsa ita ce lokacin da yake kan ganiya manyan ba su shiga da shi ba, Canelo ma ajiye kambun WBC ya yi a 2016 maimakon su haɗu a shekarar, sai da GGG ya kai 35 aka yi. Wannan abin yana min ciwo har yanzu, dan an hana mu ganin iyakar mutumin. Sai dai in zaɓi za ka yi, da abin da aka gani za ka yi shi.

Akwai wani abu da na lura ba a cika kawowa ba, kowannensu ɗan Yuganda ne ya gwada masa ƙashi. John Mugabi, mai azurfar Olamfik ta 1980, ya zo wa Hagler a Maris 1986 duk wasanninsa na baya da kisa ya gama su, ya sauke masa naushin da ya kwantar da kowa, Hagler ya shanye ya karya shi a hankali har turmi na 11. Turmi na shida na wasan nan shine amsar duk mai tambayar ko Hagler zai iya ɗaukar ƙarfin GGG. Shi kuma Golovkin Kassim Ouma ne, bahago, ya matsa masa a Panama a 2011, ya yi ta shiga jikinsa yana jefa hannu ba hutu, ya kumbura masa fuska kafin GGG ya tsayar da shi a turmi na 10. Ouma ba shi da rabin ƙarfin Hagler. Haɓar su biyun dai ƙarfe ce, Hagler sau ɗaya aka taɓa ƙirga masa, a wasan Juan Roldan na 1984, shi ma ya yi ta rantsuwa zamewa ya yi kuma bidiyon na goyon bayansa. Dan haka ka cire kisa daga lissafinka, wasan nan maki ne zai raba shi.

Toh a maki ne Hagler yake da ciwon da dole mai goyon bayansa ya yarda da shi. In ya girmama abokin karawa fiye da kima, yana sakin turmi a banza. Da Vito Antuofermo a 1979 ya yi gaba da wuri sai ya sassauta, aka ce canjaras, kambu ya zauna inda yake. Da Duran a 1983 ya yi ta taka-tsantsan har bayan turmi 13 Duran na gaba a katin alkalai biyu, sai da ya zage a na 14 da 15 ya ƙwace. Da Sugar Ray Leonard a 1987 ya yarda da turmi 12 da babban fili, ya fito a tsayuwar na-dama ya zubar da turmin farko-farko, abin da ya kashe shi kenan. Golovkin ba ya kyautar turmi, tun ƙararrawar farko jab ɗinsa na aiki kuma alkalai na son mai tafe gaba. In turmi 12 ne kuma Hagler ya ɓata uku na farko yana nazari, zai iya samun kansa yana bin bashi.

Ciwon Golovkin kuma biyu ne. Ba ya kauda kai sosai, ya yarda da haɓarsa, Kell Brook da ya hauro daga kilo 67 ma ya same shi da naushi masu kyau a wasan da ƙashin idon Brook ɗin ya karye. Sannan in aka tsaya masa a tsakiya aka doki cikinsa yana ja baya, kuma in yana ja baya rabin ƙarfinsa ya tafi. Canelo ya nuna haka a wasa na biyu a 2018, Sergiy Derevyanchenko ya ƙara nunawa a 2019 da naushin cikin nan na turmi na biyar da kowa ya ga ya shige shi. Za a ce ai ya tsufa lokacin, gaskiya ne, 36 da 37 yake, amma salon da ya dame shi shine abin dubawa, kuma Hagler na iya yin duka biyun, ya yi motsin Jacobs a turmin farko sannan ya yi tsayuwar Canelo a na ƙarshe. GGG hanya ɗaya yake da ita, mai kyau ce ƙwarai, amma ɗaya ce.

Wani abin da ya haɗa su wanda ke sa ni jin duk su biyun nawa ne, kowannensu wani alkali ya taɓa ba abokin karawarsa maki 118-110 a kansa a Las Vegas a daren da ya fi muhimmanci a rayuwarsa, Hagler da Leonard, Golovkin da Canelo a 2017, kuma ba mai hankalin da ya kalli wasannin ya ga wannan tazarar. Hagler bai sake sa safar dambe ba bayan wasan Leonard, ya koma Italiya, ya rasu a Maris 2021.

Dan haka in an tambaye ka a majalisa, kafin ka amsa ka tambayi turmi nawa. In 15 ne, ka tsaya wa Hagler ba tare da fargaba ba, ina ganin GGG zai ci huɗu ko biyar a cikin takwas na farko, daga na tara jikinsa zai fara biyan kuɗin naushin ciki, uku na ƙarshe kuma ƙasar Hagler ce shi kaɗai ya san hanyarta. In 12 ne da awon jajibiri, har yanzu Hagler nake ba, amma da ƙyar, irin bakwai da biyar ɗin nan da za a kwana ana musu, kuma wanda ya zaɓi GGG a nan ban ce ya yi wauta ba, musamman in ya kafa hujja da Duran da Antuofermo. Inda zan sauya ɓangare gaba ɗaya shine in aka ce Hagler na bayan Mugabi ne, na 1986 zuwa 1987, da GGG na daren Lemieux. Wannan Hagler ɗin ƙafarsa ta daina kai shi inda yake so, dole ya tsaya a gaba ya yi musaya, kuma duk wanda ya tsaya cak a gaban Golovkin na 2015 jab ɗin nan zai yi ta cinsa turmi bayan turmi har ƙararrawar ƙarshe.